Salatif Ɗin Torkel da Farantin Coci

A unguwarmu ta 'yan Norway da ke birnin Saint Paul, in ka ga Torkel Rustad ya yi shiru, to ko barci yake yi ko kofi ne ya ƙona masa harshe. Kwandasta ne a taragon lantarki na cikin gari, har lokacin da duniya ta yi tsanani aka rage ma'aikata, ya dawo gida da hularsa ta aiki da kuma labarai. Hular ba ta sauka daga kansa, labaran kuwa kullum ƙara ƙiba suke yi.

A shekarun nan ne wani babban kamfani da ke gabashin gari ya fito da salatif, 'yar siririyar leda garai-garai mai gam a gefe guda. Don masu burodi aka yi shi, su riƙa liƙe bakin ƙunshi. Amma da yake ba mai halin sayen sabon abu, sai kowa ya rungume shi: mai yagaggen littafi, mai tsagaggiyar taga, har mai kajin da ƙwansa ya tsage. Sunan kamfanin ya shiga bakin kowa, babba da yaro. Wannan shi ya hana Torkel sakat.

"Ni fa na ba su dabarar," in ji shi, ranar da ya tarar da Halvor mai aski yana liƙe kalandar shagonsa. "Injiniyoyinsu a taragona suke zuwa aiki. Wata safiya na ga ɗayansu ya yi tagumi, na ce masa, samari, shafa gam a leda ka gani. Ko na gode bai ce mini ba."

"Bara cewa ka yi kai ka koya wa magajin gari iyo," in ji Halvor.

"Shi ma bai gode ba. Amma ka san aibin abin nan da ke hannunka? Ba a ganinsa! Ka liƙa, ka tashi, wa ya san aikin wane ne? Ni nawa da sunana zai fito. Kowane ɗan yanki, TORKEL RUSTAD, da shuɗiyar tawada."

"To in ana ganin suna, ina ɓuyan kuma?"

"Salatif ɗin ne zai ɓuya, ni a gan ni. Kai Halvor, almakashi ya yanke maka basira. Ka zuba ido, kafin bazara ba wanda zai sake kiran sunan kamfanin can a garin nan. Torkel za a riƙa cewa. Miƙo mini Torkel, sayo mini Torkel."

Halvor ya dube shi ta madubi, ya ce, "To, ba laifi."

Mutanenmu dai haka Allah ya yi su. Ba sa iya cewa abu ya yi kyau, ba sa iya cewa ya lalace. In gidanka na cin wuta, maƙwabci zai leƙo ta shinge ya ce kamar yau da ɗan ɗumi a wajenku. Duk cikinmu Torkel ne kaɗai ke jin "ba laifi" ya ɗauka tafi aka yi masa.

Matarsa Gudrun kuwa abin da ke gabanta ya fi salatif. Kowace shekara in sanyi ya kama, cocinmu na yin liyafar kifin toka, wato busasshen kifin nan da ake jiƙawa a ruwan toka har ya kumbura ya riƙa rawa a faranti. Mace ɗaya ke riƙe babban ludayi, ita ce uwar girki. Tun Gudrun tana amarya take feren dankali a kusurwar kicin ɗin coci tana hangen ludayin nan a hannun Madam Skogen, har furfura ta fito mata. Bana da gwiwa ta matsa wa Madam Skogen, sai mata suka ce Gudrun ta gwada. In liyafa ta tashi lafiya, ludayi ya zama nata. In aka sami tangarɗa, ya koma inda ya fito, kuma Madam Skogen ta riga ta sanar da kowa cewa gwiwarta na samun sauƙi.

Tare da ludayin akwai farantin coci. Ƙaton farantin tangaran ne mai zanen shuɗin furanni, wanda kakanni suka ƙetaro teku da shi a cikin gangar garin alkama. Bisa al'ada a gidan uwar girki yake yin makon liyafa, kuma mijinta ne ke ɗauko kifin farko a kansa ya ratsa tsakiyar jama'a har teburin fasto.

Ranar da aka kawo farantin, Gudrun ta dawo ta tarar da hayaƙi na fita ta tagar kicin ɗinta. Torkel na tsaye kan babbar tukunyar miyarta yana juya fatun kifi da muciya. Ubansa masunci ne a tsohuwar ƙasa, kuma da gam ɗin fatar kifi yake liƙe komai.

"Torkel, me ya mutu a kicin ɗina?"

"Talauci ne ya mutu, Gudrun. Ƙamshin arziki kike ji."

"In haka arziki yake wari, a bar ni da talaucina. Wannan ledar fa?"

"Mai burodi ne ya ba ni guntattakinsa. Wannan kuma hatimina ne." Ya ɗaga rabin dankali da ya sassaƙa sunansa a jiki, yana ɗigar tawada.

"Dankalin liyafa ne wannan?"

"Guda ɗaya tak. Watarana sai an ajiye shi a gidan tarihi."

Gudrun ta ɗora farantin a can saman kabad, ta juyo ta nuna shi da yatsa. "Ji nan. Ka liƙe gidan nan kaf in ka ga dama, ka liƙe kanka ma. Amma ka ga farantin can da liyafar nan? Tun ban san ciwon baya ba nake jiran su. Kada ko inuwarka ta taɓa su."

"Haba Gudrun, ni ɗin?"

"Kai ɗin."

Ya shafe leda da gam, ya yanka siri-siri da almakashin ɗinkinta, ya bi kowane yanki ya buga masa suna, ya kai ɗakin itace a bayan gida ya shanya. Watan Nuwamba ne, ruwa ma in ka watsa ba ya kai ƙasa da ransa. Gam ya daskare ya yi ƙarfi kamar ƙashi. Torkel ya liƙa guntun itace biyu, ya ja, ya ja, suka ƙi rabuwa. Sai ya fito tsakar gida ya sanar da kaji cewa kamfanin can ya shiga uku.

Ya kafa tebur a baranda, a cikin sanyin, ya ce gwaji kyauta ne. Abin kyauta kuwa a shekarun nan ba ya kwana. Aka kawo masa littattafan waƙa, aka kawo lema, aka kawo takalmin roba. Fasto Aune, dattijo mai haƙuri wanda bai taɓa iya ce wa kowa a'a ba, ya kawo tabaransa da ya karye a kan hanci. Torkel ya naɗe wurin da kyau, ya juya sunan ta gaba don masu sauraron wa'azi su samu abin karantawa.

Da yamma sai ga Mista Skogen ya zagayo ta baya yana waige-waige, da wani abu a ƙarƙashin kwat. Hular zuwa coci ce ta matarsa, mai ɗan tsuntsun ado a gefe. Ya zauna a kanta ne bai sani ba, tsuntsun ya ɓalle.

"Don Allah Torkel, kada ta ji."

"Wa zai gaya mata? Aikina ba a ganinsa."

"To sunan fa?"

"Na sa shi a ƙarƙashin fiffike. Ko tsuntsun bai san yana nan ba."

Kwana biyu da haka sai kyanwoyin unguwa suka canza hali. Halvor ya buɗe shago ya tarar da su sun yi layi suna lasar tagar da Torkel ya liƙe masa. Wata tsohuwa ta je kasuwa da lemarta, ta dawo da rakiyar kyanwoyi har ƙofar gida. Fasto ya ce tun da aka gyara masa tabarau kyanwarsa ta ƙara ƙaunarsa, ko zama ya yi sai ta hau kafaɗarsa tana lasar hancinsa.

"Ya kuka ga aikin?" Torkel ke tambaya gida-gida.

"To, ba laifi."

"Ka ji ko!" ya ce wa Halvor. "Mutane sun yaba, dabbobi sun shaida. Saura me?"

"Saura ɓeraye," in ji Halvor.

Ana jibi liyafa, Gudrun ta tafi coci murza gurasar dankali tare da mata. Torkel ya yi sabuwar dahuwar gam mai yawa, har wurin shanya ya ƙare masa. Ya shanya a tebur, ya shanya a kujeru, ya shanya a kan allon guga. Sai idonsa ya kai saman kabad. Faranti ne shimfiɗeɗe, mai santsi, yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ya ce a ransa ai ba taɓawa zai yi ba, aro ne. Ya sauke shi kan tebur, ya jera masa salatif, ya buɗe taga don iska ta shiga.

Iska ta shiga, ƙaton muzurun Madam Skogen ma ya shiga. Kafin Torkel ya juyo, ya hau tebur ya dafe gefen farantin yana lasa.

"Kai! Fita, ɗan banza!"

Ya cire hular kwandasta ya wurga masa. Muzuru ya daka tsalle, faranti ya tashi tsaye, ya yi ɗan tunani a bakin tebur, sannan ya sauka ƙasa. Ƙwas! Ya rabe biyu daidai wa daida.

Ran nan Torkel ya yi shiru ba barci ba kofi. Ya tsugunna yana kallon ɓarin biyu. Ya tuna Gudrun tana amarya, ta dawo daga feren dankali da yatsu duk yanka, tana ce masa watarana ita ma za ta riƙe ludayin. Tausayinta ya kama shi sosai, ya ji kamar ya yi kuka. Amma Torkel ba ya daɗewa a irin wannan hali. Can sai ya ɗaga kai, ya dubi salatif ɗin da ke shanye ko'ina, fuskarsa ta washe.

"Ashe gwaji Allah ya kawo mini har gida!"

Ya kifa farantin, ya haɗa bakin, ya yi ta liƙawa ta ƙasa, a tsaye da a kwance, har ba a ganin tangaran sai TORKEL RUSTAD a kan TORKEL RUSTAD. Ya goga alli a tsagar ta sama, ta ɓace a cikin zanen furanni. Ya kai ɗakin itace ya bar shi ya sha sanyi. Da ya dawo ya ɗora masa ƙaton gungume ya ɗaga, ko motsi bai yi ba. Ya mai da shi saman kabad yana fito.

Gudrun ta dawo a gajiye, ta tsaya ƙarƙashin kabad tana shinshina.

"Me ya sa farantin nan ke warin kifi?"

"Farantin kifi ne, Gudrun. Turare kike so ya yi?"

Ta dube shi, ta dubi farantin. Gajiya ta fi ƙarfin zargi, ta wuce ta kwanta.

Ranar liyafa da sassafe Torkel ya naɗe farantin a tawul, ya ce shi zai kai, ai aikin miji ne. A ɗakin taro na ƙarƙashin coci ake cin abincin, kuma lokacin ba a hura murhun ɗumama ɗaki ba, numfashi ma ganinsa kake yi. Ya tarar ana shirin kafa tutocin takarda da kwalliya, sai ya ƙwace tsani. Ya liƙe tutoci a rufi jere-jere, ya liƙe sarƙoƙin takarda, ya liƙe ƙaton ƙyallen barka da zuwa a daidai tsakiyar hanyar da zai bi da kifi.

Madam Skogen ta shigo da sandarta da hularta mai tsuntsu, ta tsaya gindin tsani.

"Mista Rustad, mu da ƙusa muke kafawa tun kana rarrafe."

"Zamanin ƙusa ya wuce, Madam. Yau za ki ga zamani da idonki."

"Zan gani," in ji ta. "Don gani na zo."

Da la'asar aka hura murhu. Tukwanen kifi suka hau wuta, na dankali suka bi, man shanu na narkewa a gefe, kofi na tafasa. Jama'a suka yi ta sauka ta matakala suna karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa, har ɗaki ya cika ba masaka tsinke. Tururi ya taso daga kicin ya kwanta a rufi, tagogi suka fara zufa. Gudrun na tsaye da ludayi da farar rigar girki, fuskarta ta yi ja don zafi da murna, tana ba da umarni kamar a ciki aka haife ta.

Abu na farko da ya faɗo ɗan yanki ne, ya yi lilo a iska ya sauka a kofin Halvor. Ya sa cokali ya tsamo, ya karanta, ya ɗaga murya.

"Torkel, ka faɗa mini a kofi."

"Talla ce," in ji Torkel daga ƙofar kicin. "Ka gode ban caje ka ba."

Sai tuta ta sauko a kan dankalin wani. Wata ta sauka a kan sanƙon wani dattijo, ya cire ta, amma shuɗiyar tawadar ta zauna. Ba wanda ya ce uffan. Kowa ya tsince abin da ya faɗo masa ya ninke ya sa a aljihu, ya ci gaba da hirar sanyin bana. Wata mata ta ce kamar ɗakin ya ɗan yi ɗumi, wani saurayi ya tashi ya buɗe 'yar tagar da ke daidai da ƙasar waje.

Fasto Aune ya miƙe don addu'a. Ya buɗe littafi, ya kai tsakiyar godiya ga Ubangiji da ya haɗa mu wuri ɗaya, sai tabaransa ya rabu. Ɓari ɗaya ya tafi kunnen dama, ɗaya ya tafi na hagu, suna reto. A kan hancinsa shuɗin tambari ya fito raɗau. Bawan Allah bai tsaya ba, ya ƙarasa da ka, jama'a suka ce amin da sauri kowa na kallon farantinsa.

A teburin gaba, tsuntsun hular Madam Skogen ya fara sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, sai ya yi tsulum cikin kwanon man shanu. Ta tsamo shi da yatsu biyu, ta ɗaga fiffiken, ta karanta. Ta juya ta dubi mijinta. Mista Skogen ya ɗaga kai yana nazarin rufi.

Duk wannan Torkel bai gani ba, don an riga an tula masa kifi a faranti, fari tas, yana rawa, man shanu na gangarowa. Gudrun ta gyara masa wuyan riga, ta ce a hankali, "Ka yi mini wannan ɗaya kawai, Torkel. Daga nan zuwa can." Mai molon coci ta buga waƙa, aka buɗe ƙofa, ya fito ƙirji a gaba da hular kwandasta.

Da farko lafiya lau. Yana gaida mutane dama da hagu da ka. Can sai ya ji zafin kifin ya ratso har tafin hannunsa, ya ji wani abu mai yauƙi na bin yatsunsa. Sai hannunsa na dama ya ji kamar yana son tafiya gabas, na hagu yana son yamma. Ya matse. Ya rage sauri, ya ƙara matsewa har jijiyar wuyansa ta fito, yana murmushi haƙora a waje.

"Yi sauri mana, kwandasta," in ji Halvor. "Fasinja na jin yunwa."

"Abin girma ba a gudu da shi," in ji Torkel ta cikin haƙora.

Saura kaɗan ya kai teburin fasto, ƙyallen barka da zuwa ya gaji da rufi. Ya sauko gaba ɗayansa ya lulluɓe Torkel tun daga hula. Ya ɗaga gwiwar hannu zai ture, shi ke nan. Faranti ya buɗe ta tsakiya, kifin ya zube ƙasa tim, ya fantsama har siket ɗin matar fasto. Torkel ya taka, ƙafa ta tafi, ya yi ta tirje-tirje cikin ƙyalle, ya zauna daɓas a tsakiyar kifin, hannuwa a sama, kowanne riƙe da rabin faranti. Ta 'yar tagar nan kuwa kyanwoyin unguwa suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya, muzurun Madam Skogen a gaba.

Mai molo ta tsaya. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai lasar kyanwoyi. Can wani tsoho a baya ya ce, "To, bana dai daban ce."

Madam Skogen ta taso, ta ma manta da sandarta. Ta zare rabin farantin daga hannun Torkel, ta kifa shi, salatif na reto a jiki kamar taliya. Ba ta ko dube shi ba, ta juya wajen ƙofar kicin inda Gudrun ke tsaye.

"Gudrun Rustad, a gidanki farantin nan ya kwana. Kin fasa mana kayan kakanni, kin lalliƙe, kin zuba mana kifi a kai kin yi shiru."

 Hawaye suka cika idon Gudrun. Ta sa hannu baya ta fara kwance rigar girkin, ta tako a hankali tana miƙa ludayin. Torkel ya leƙo ta ƙarƙashin ƙyalle ya gan ta, ya rasa inda zai sa kansa. 

"Kuma kada a ce mini ba ta sani ba," Madam Skogen ta ci gaba, tana nuna wa jama'a bayan farantin. "Ku dubi yadda aka jera shi tsaf, a tsaye da a kwance. Wannan hannun mace ne. Namiji ba zai iya wannan aikin ba, balle wannan da ke zaune."

Ai kuwa kamar an tsikare shi da allura. Torkel ya yi wurgi da ƙyalle ya miƙe, ya zame, ya sake miƙewa, kifi na ɗiga daga wandonsa.

"Hannun wa? Madam, ki iya bakinki! Ni na dafa, ni na yanka, ni na buga suna, ni na liƙe da hannun nan nawa! Matar nan ko gam ba ta iya damawa ba. Wari ma ta ce yana yi! Kwana biyu tana wucewa ta ƙarƙashin farantin nan ba ta san ya fashe ba, kun san dalili? Don aikina ba a ganinsa! Wannan shi ake kira inganci. An sace mini dabara sau ɗaya a tarago, ba za a sake sace mini a coci ba. Ku karanta mana! Gudrun aka rubuta a nan?"

"Torkel aka rubuta," in ji Halvor, yana duba aljihunsa. "Ina da shaidu da yawa."

"Yauwa! Tabaran Fasto ni ne. Rufin nan ni ne. Hularki ma, da mijinki ya zauna a kai, wa ya tashi tsuntsun? Kuma in gaskiya ake so, wancan muzurun naki ne ya ture farantin, ni hula kawai na jefa masa."

Mista Skogen ya zame a kujera har haɓarsa ta kusa taɓa tebur. Madam Skogen ta daɗe tana kallon Torkel, daga hula har takalmi. Sannan ta juya ga Gudrun, muryarta ta sauka.

"Tun yaushe kike tare da shi?"

"Tun ina budurwa."

"Kullum haka yake?"

"Yau ma da sauƙi," in ji Gudrun tana share ido.

Madam Skogen ta sa tafin hannu ta tura ludayin ya koma ƙirjin Gudrun. "Ɗaura rigarki, 'yar nan. Macen da ta iya da wannan kuma dankalinta ya nuna a kan lokaci, kicin ɗin coci ba zai gagare ta ba. Da sauran kifi a tukunya?"

"Akwai."

"To a zubo a kwanon sha, kada ya huce."

Aka kori kyanwoyi, aka goge ƙasa, aka zubo kifi. Madam Skogen ta ɗiba, ta tauna, duk mata sun zuba mata ido. Ta ajiye cokali ta ce, "Ba laifi." Gudrun ta koma kicin da sauri don kada a ga tana dariya da kuka a haɗe. Torkel kuwa aka naɗe masa hannun riga aka tura shi wajen tukwane, inda ya yi ta bayyana wa bango cewa laifin tururi ne, kuma a shekara mai zuwa zai fito da irin wanda ba ya jin tururi. Ɓarin farantin biyu aka rataye su a bangon ɗakin taro, da ƙusa.

Da bazara ta shigo, wata Asabar Torkel da Gudrun suna jiran tarago a can tsakiyar gari, nesa da unguwa. Wata mata da ba su taɓa gani ba ta sauko da jakar takarda cike da cefane. Gindin jakar ya ɓalle, dankali ya watse a titi.

"Wayyo ni!" in ji matar. "Jakar nan ta yi mini Torkel!"

Torkel ya daskare. Ya cafki hannun Gudrun, idonsa na ƙyalli.

"Kin ji? Kin ji da kunnenki? Ko sanina ba ta yi ba! Na ce kafin bazara ko ban ce ba?"

"Ka ce," in ji Gudrun. "To tsugunna ka tsince mata dankalin, mai suna."